Ubale da Kafiretar Motar Gawa

Ni ne sakataren kwamitin masallacin layinmu a Angwan Iya, kuma da hannun nan nawa na rubuta hukuncin da ya raba Ubale da makullin motar gawa. Na fara da wannan ne don kada wani ya karanta ya ce Uwais yana wanke kansa. Ba na wankewa. Raina dai a ɓace yake, shekara guda ke nan da 'yan watanni, kuma na gaji da haɗiye maganar duk lokacin da na ga waɗanda muka yi abin tare suna miƙa wa Ubale hannu a ƙofar masallaci kamar ba a yi komai ba.

Ubale sa'ana ne, aji ɗaya muka zauna a firamare. Gidansu gidan malamai ne da ma'aikata, yayansa magatakarda a kotu, ƙanensa a ofishin ilimi. Shi kaɗai ya fita daban. Yana ɗan shekara goma sha biyar ya fara sulalewa zuwa Sabon Gari, garejin wani ɗan ƙabilar Eggon da ake kira Oga Gamaliel. Mahaifinsa ya yi faɗa, ya yi rantsuwa cewa ɗan gidansa ba zai ƙare a kwance ƙarƙashin motar wani ba. Ubale ya saurara da ladabi, gari na wayewa ya koma. Shi Gamaliel ba ya barin ɗan koyo ya taɓa sifana sai ya yi wata uku yana tsaye kusa da inji, ido a rufe, yana faɗin abin da ya ji. Daga nan Ubale ya samo wannan hali nasa mai ban haushi: kana tsakiyar ba shi labari mai muhimmanci, mota ta wuce, sai ka ga ya karkatar da kai, ya ce, "Fulogi ɗaya ba ya ci." Labarinka kuwa ya bi iska.

Ya auri Mairo yana da shekara ashirin da shida, suka haifi 'ya'ya mata biyu, Naja'atu da ke aure a Nasarawa da Zahra da ke Mararraba. Mairo masa take soyawa da safe a ƙofar gida, kuma ita ce kaɗai mutum a Keffi da ke iya katse Ubale in ya fara bayanin inji. A 2009 jak ya zame, wata bas ta sauko masa a gwiwar hagu. Tun daga lokacin yake jan ƙafar, in tafiya ta yi nisa sai ya nemi abin dafawa.

Motar da nake magana Fijo 504 ce, akori-kura, fara a da, yanzu launinta ya koma na kunun kanwa. An saye ta a 1997, da tsohuwar maƙabartarmu ta cika aka koma wata can bayan gari, tafiyar minti arba'in ga mai lafiyar ƙafa. Kafin nan a kafaɗa muke ɗaukar makara, ana karɓa-karɓa, kowa ya sa tasa ko da taku goma ne ya samu ladansa. Da mota ta zo, dattawa suka ce ba za ta raba su da wannan ba. Sai aka tsaya a kan za a ɗora makarar a baya, motar ta yi tafiyar ƙafa, jama'a a gefenta, kowa ya dafa jikinta ya yi 'yan taku ya matsa wa na bayansa. Makusantan mamaci kuwa ba a karɓarsu, suna dafe da ita tun daga ƙofar gida har bakin maƙabarta. Ban ce addini ne ya ce a yi haka ba, ban kuma san wani layin da ke yi ba. Namu ne. Fentin gefen motar ya goge har ƙarfe na ƙyalli saboda tafin hannu.

Tun ranar da aka sayo ta makullin yana wurin Ubale. Shi ke gyara, shi ke tuƙawa, a rana da a ruwa, bai taɓa cewa yana da aiki a gareji ba. Duk wanda ya taɓa riƙe sitiyari ya san gudu ba shi da wuya. Wuyar ita ce mota ta yi tafiyar tsoho, ba ta mutu ba, ba ta fizga ba. Sirrin kuma yana cikin kafireta, 'yar tukunyar ƙarfen nan da ke zaune a kan inji tana gauraya fetur da iska kafin su shiga. Akwai sukuru biyu a jikinta, ɗaya na cakuɗin, ɗaya na silo, wato yadda inji ke bugawa in ba a taka totur ba. Ubale ba ya cewa ya gama saiti sai ya ɗauko Baba Abdulsalami, wanda ya fi kowa tsufa a layin, ya dafa masa motar, shi kuma ya sa giya ta ɗaya, ya ɗage ƙafa. In tsohon ya fara haki, silon ya yi yawa. In motar ta fara karkarwa, ya yi kaɗan. Haka za su yi ta zagaya filin masallaci, tsoho da sanda, gurgu da sukudireba, mu kuma muna kan benci muna tsokana, muna tambayar Baba ko motar ta ci jarrabawa.

Farkon damunar bara ciwon ƙodar Mairo ya tsananta. Aka yi ta zirga-zirgar asibiti, daga ƙarshe likitoci suka ce a koma da ita gida a ci gaba da addu'a, kuma kowa ya san ma'anar wannan. Wata Talata bayan la'asar Ubale ya aika in same shi a gareji. Na tarar da shi zaune a kan tsohuwar taya ƙarƙashin mangwaro, motar gawa a gabansa.

"Uwais, lasisinka bai mutu ba ko?"

"Ya mutu tun bara waccan. Me ya faru?"

"Ƙafar dai ba ta manta ba. Ina so ka koyi motar nan."

Na yi dariya, na ce ko ya gaji da mu ne. Bai yi dariyar ba. Ya ce, "Shekara ashirin da bakwai ina zaune a gaba. Ban taɓa dafa ta ba ko sau ɗaya. Ko ranar Inna ni na tuƙa." Ya murza tsumma a hannu. "Akwai ranar da zan so in kasance a baya."

Bai ambaci suna ba, ni ma ban ambata ba. A wurinmu ba a faɗin irin wannan magana mutum yana kwance da ransa yana kurɓar koko. Na ce Allah ya ba ta lafiya, ya ce amin, na shiga motar. Kafin in kai bakin garejin motar ta mutu sau uku. Tsohuwar kafiretar ta cinye, sandar da ke buɗe bakinta tana lilo a raminta, ba abin da ke riƙe da motar sai ƙafar Ubale, wadda ta san daidai lokacin da za ta ɗan shafi totur. Ya ce ba makawa sai an canza, in dai ana so wani ya iya tuƙawa ba shi ba. Saboda haka shi da kansa ya kawo maganar gaban kwamiti, kuma wannan ne yake ƙara ƙona mini rai.

Ciyaman ɗinmu Alhaji Izzuddeen ne, babban ma'aikaci a wata ma'aikata a Abuja. Ba zan yi masa ƙarya ba, yana da sakin hannu, shi ya shimfiɗa mana tayil a masallaci. Sai dai duk abin da ya taɓa sai an ɗauki hoto. Kuma bai taɓa bin gawa a ƙafa ba. A motarsa yake biyowa can baya, gilashi a rufe, wai saboda hawan jini. Ubale ya roƙi a nemo ta hannu irin ta asali a wurin masu kayan Beljiyam. Alhaji ya ce haba, a zamanin nan? Ranar Alhamis sai ga shi da kwali, ya buɗe a kan tabarmar masallaci bayan la'asar. Kafireta sabuwa fil, tana ƙyalli a cikin leda, kowa ya ce masha Allah.

Ubale ya ɗauke ta, ya juya, ya hura mata iska ta wata 'yar ƙofa ya saurara. Ya karyo tsinken tsintsiya ya auna tsakanin ramukan notinta, ya fita ya auna na injin, ya dawo.

"Alhaji, kaya ne mai kyau, Allah ya saka da alheri. Amma ba don injin nan aka yi ta ba, irin wadda ake ɗora wa kowace mota ce. Ramukanta ba su hau daidai ba, sai an yanko faifan ƙarfe an goge shi sumul an sa a tsakani. Ƙofofin fetur ɗinta sun yi faɗi, sai na canza su. Wayar totur ma sai na yi mata sabon mariƙi. A ba ni mako guda."

"Mako guda?" in ji Alhaji. "Malam Ubale, orijinal ce fa, daga kwali. Asabar ɗin nan na riga na gayyaci mutane, za mu ƙaddamar da ita."

Ƙaddamar da kafireta! A motar gawa! Na rantse a lokacin ma sai da maganar ta tsaya mini a wuya, amma na sunkuya na rubuta.

Alhaji ya zo da ɗan 'yar'uwarsa Taufiq, magidanci mai shekara talatin da wani abu, wanda ke da gareji a hanyar Abuja, irin wanda ake jona wa mota kwamfuta ta faɗi ciwonta. A nasa fannin an ce ya iya. Ya ce, "Kawu, wannan ai aikin awa biyu ne. Baba, da rispekt, abin da kake faɗa duk tsohon sistem ne."

"In ka ɗora, a ina za ka gwada ta?" Ubale ya tambaya.

"A titi mana. Ekspires."

"Motar nan ba ta hawa ekspires, ɗana. Tafiyar ƙafa take yi."

Aka kwashe da dariya. Wani ya ce to a kira Baba Abdulsalami ya zo ya sa hannu a takarda. Wani ya ce da ma motar ta kwamiti ce ba ta gado ba, shekara ashirin da bakwai makulli a aljihun mutum ɗaya ai ya isa. Ubale ya ɗago ya dube ni. Ni kaɗai a wurin na san dalilin da ya sa yake son aikin ya yi daidai, na san kuma ba shi da lokaci mai yawa. Shi ba zai iya faɗa ba, bakinsa ba zai furta mutuwar matarsa tana raye ba. Ni da ke iya cewa ko da a kaikaice, "Jama'a, ku bar wa mutumin nan aikinsa," sai na mai da idona kan littafin mitin. Na daɗe ina gaya wa kaina kunya ce ta hana ni. Gaskiyar ita ce Alhaji ne ya sa baki 'yata Adama ta samu aiki, ban so in yi masa musu a gaban mutane. Aka ɗaga hannu, na ƙirga, na rubuta: makulli ya koma hannun ciyaman, aiki ya koma hannun Taufiq. Ubale ya ciro makullin ya ajiye a kan tabarma, ya dafa bango ya miƙe, ya yi mana sallama.

Taufiq ya cika alkawari, awa biyu. Daga baya na ga abin da ya yi da idona. Ramukan da ba su hau ba, ya sa zarto ya faɗaɗa su. Maimakon faifan ƙarfe ya yanko kwali ya shafa masa jan gam ya danne. Wayar totur ta ƙi kaiwa, ya ja ta da ƙarfi ya ɗaure, har bakin kafiretar ba ya rufuwa sosai. Da ya ga injin na neman mutuwa in an ɗage ƙafa, sai ya murɗa silo sama, magana ta ƙare. Kafiretar kanta ba ta da laifi, tana nan a motar har yau tana aiki lafiya. Hannun da ya ɗora ta ne bai taɓa dafa motar a bayan gawa ba, shi ma a babur yake zuwa ya jira a maƙabarta.

Ranar Asabar aka yi hotuna da bonet a buɗe, sannan Alhaji da Taufiq suka hau titin Abuja, har Uke suka kai. Suka turo bidiyo a guruf ɗin layi, allurar gudu tana rawa a kan ɗari da goma, ana jin Alhaji yana cewa, "Ku gani, kamar sabuwa!" Mutane suka yi ta turo babban yatsa. Babu wanda ya tsaya ya tambayi kansa wace gawa ce za a kai Uke da gudu ɗari da goma. Ni ma na tura nawa yatsan.

Ubale ba shi da babbar waya, bai ga bidiyon ba. Yana zaune a ƙofar gidansa suka dawo suka wuce. Ba a yi minti goma ba sai ga shi a ƙofata yana jan ƙafa.

"Uwais, tana shan iska ta gindi. Na ji tana fito. Kuma silon ya yi sama da yawa. A giya ta ɗaya sai ta tsere wa saurayi, balle ni."

Na ce ya je ya ga Alhaji. Ya je sau biyu aka ce ba ya nan. A na uku, Lahadi da hantsi, ya same shi yana shan shayi a baranda. Ya ce ba makullin yake so a mayar masa ba, aron yini biyu kawai. Alhaji ya ce, "Malam Ubale, ka yi hidima, ka huta haka nan. Ga mara lafiya ma a gida." Ya shiga ciki ya fito da takardar yabo a cikin gilashi, da sunan Ubale da sa hannun ciyaman da na sakatare, ya sa aka ɗauke su hoto. Ni na sa wannan hannun, tun ranar Juma'a. Mutum ya zo roƙon a bar shi ya yi aiki kyauta, aka sallame shi da takarda. Ubale ya rungumo ta ya dawo gida, don ba ya iya mayar wa mutum kyautarsa.

Mako guda bayan nan, ranar Lahadi da hantsi, Mairo ta rasu. Aka sa jana'iza bayan azahar don Naja'atu da Zahra su iso. Da aka idar da salla aka ɗora makarar a bayan motar, aka rufa mata darduma. Alhaji ya miƙo makullin yana neman Taufiq da ido, Ubale ya ce a hankali, "Uwais ne zai tuƙa." Yana sanye da farar jamfa da na san sai Juma'a yake fito da ita. Ya zagaya gefen dama, daidai inda kanta yake, ya ɗora tafinsa a kan ƙarfen.

Ina murɗa makulli injin ya ɗauka da ihu. Na sa giya ta ɗaya, na saki kuloci a hankali iya iyawata, motar ta yi tsalle. Na ji makarar ta goga a baya, jama'a suka ɗauki salati, ana cewa, "A hankali! Malam Uwais, a hankali!" Na taka birki, ta nemi mutuwa. Na saki, ta fizga. Sai na koma riƙe ta da rabin kuloci, warin ƙuna ya cika motar. Duk da haka gudunta ya fi ƙarfin tafiyar mutum. Samari suna sassarfa suna dafawa, dattawa suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. A madubi na ga Ubale. Bai fi taku ashirin ya yi da hannunsa a jikinta ba. Na ga hannun ya zame zuwa ƙarshen motar, ya ƙara ɗingishi ya sake kamawa, ta sake kuɓuce masa. Na taka birki don ya iso, ta yi tari, na ba ta wuta don kada ta mutu, ta bar shi a tsakiyar titi.

Ba mu kai rabin hanya ba, a mahaɗar da 'yan keke ke tsayawa, injin ya yi zafi, gam ɗin ya narke, ta mutu gaba ɗaya. Na murɗa makulli har batir ya fara nishi, ta ƙi. Rana tsaka, gawa a buɗaɗɗiyar mota, keke da acaɓa sun taru ta ko'ina. Masu shaguna suka fito, wata mata ta kawo lema aka riƙa wa makarar. Taufiq ya juyo da babur ɗinsa, ya buɗe bonet, ya leƙa, ya taɓa kan batir, ya ce ko mai ne ya ƙare. Alhaji ya sauko daga motarsa da waya a kunne, yana neman wanda zai turo wata. Wasu na cewa a ɗauka a kafaɗa, wasu na cewa da sauran nisa, a tura kawai. Ana wannan gardama a kan gawar matar mutum, shi kuma bai ma iso ba.

Shi ne na ƙarshe, bayan Baba Abdulsalami ma. Zufa ta jiƙa farar jamfar. Mutane suka dare masa. Bai dubi Alhaji ba, bai dubi Taufiq ba, bai dubi bayan motar ba. Ya juya ga wani ɗan keke mai suna Natan da ya sani tun a Sabon Gari.

"Ɗan'uwa, ara mini sukudireba da sifana mai lamba goma sha uku. Wani ya karɓo mini sabulun wanki a shagon can."

Liman ya ce, "Malam Ubale, bar shi, ba yau ba. Za a kawo wata mota."

"Tana cikin rana, Malam."

Ya naɗe hannun jamfa ya sunkuya a kan injin da ke tiriri. Ya sassauta wayar totur har bakin kafiretar ya rufu. Ya ƙara ɗaure notunan gindinta huɗu, ɗaya nan ɗaya can. Ya murje sabulun da yatsu ya cusa shi a zagayen gindin, inda kwalin ya ƙone, ina ganin yana janye hannu in ƙarfen ya ƙona shi yana mayarwa. Baƙin mai ya hau masa har gwiwar hannu, fetur ya zubo masa a tafi. Titin ya yi tsit, 'yan acaɓa ma sun kashe baburansu. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokaci ba, ban kuma taɓa jin haushin mutane irin yadda na ji haushinmu ba, mu goma sha ɗaya da muka ɗaga hannu, muna tsaye da fararen kaya muna kallon mai takaicin rashi yana gyara ɓarnarmu.

"Kunna," ya ce.

Ta ɗauka. Ya rufe ido, ya karkatar da kai, ya murɗa sukurun silo ƙasa, ya taɓa na cakuɗi kaɗan, ya sake saurara. Ihun ya kwanta, amma tana karkarwa, tana yi kamar za ta ɗauke ta dawo. Ya rufe bonet ya zo tagar da nake. Na ce, "Koma baya, Ubale, zan iya." Ya saurari injin na ɗan lokaci, ya girgiza kai.

"Sabulu ne kawai ke riƙe da ita. Ba za ta tsaya maka ba. Sauko."

Na sauko, ya hau. Motar ta ɗaga a hankali, ba tsalle ba fizga, ta kama tafiyar da muka sani. Dattawa suka matso suka dafa, ana karɓa-karɓa yadda aka saba, har Taufiq ya jingine babur ya sa hannu, kansa a ƙasa. Gefen dama, daidai inda kanta yake, aka bar shi ba kowa, don kowa ya san wurin waye. Ina tafe kusa da tagarsa ina ganin ƙafarsa tana shafar totur tana ɗagawa. Idonsa na kan hanya, sau biyu kawai na ga ya dubi madubi.

A bakin maƙabarta ya kashe ta. Alhaji ya iso yana share gumi, ya bubbuga bonet, ya ce da murya yadda kowa zai ji, "Kun gani ko? Da ma ɗan saiti kawai take buƙata." Ba don inda muke ba, da na manta da aikin Adama a wurin. Na haɗiye, kamar yadda na saba.

Aka sauke makarar aka kai ta bakin kabari, aka yaye dardumar. Liman ya ce, "Malam Ubale, bismillah, shiga ka karɓe ta." Ubale ya matso, ya miƙa hannu, sai ya tsaya. Ya dubi tafukansa, ya dubi likkafanin. Ya nemi ruwa, aka ce na jarkar an riga an kwaɓa ƙasa da shi, sai ɗan guntu. Ya durƙusa a kan gwiwar mai lafiya ya ɗebi yashi ya yi ta murzawa, aka tsiyaya masa guntun ruwan, ya goga a jamfarsa, ya sake murzawa. Baƙin mai ba ya fita da yashi, shi ya fi kowa sani. Jama'a na tsaye a rana suna jira.

Na ce, "Shiga hakanan, Ubale. Babu laifi, wallahi babu laifi."

Liman ma ya ce babu laifi. Ubale ya miƙe da ƙyar, ya ja da baya taku biyu, ya kira ƙanen Mairo ya ce shi ya shiga. Ya tsaya a gefe da hannuwansa a ware nesa da jikinsa, yana kallo ana saukar da ita.

"Shekara talatin da shida," ya ce mini, ba tare da ya juyo ba, "ban taɓa taɓa mata farin kaya da hannun gareji ba. Ba ta so."